Gyaran Takardar Sallamar Tsofaffin Sojojinmu



Mazajenmu na Anka, Gummi da Bukkuyum da suka je Yaƙin Bama, galibinsu sun kwanta dama, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka yi Yaƙin Basasa, 1967 zuwa 1970, da sauransu a raye, kuma takardar sallama ce kaɗai shaidarsu. To, akawun bariki kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Wani an rage masa shekarun aiki, wani an tsallake lambar yabonsa. Kuskuren harafi guda ya isa ya tsayar da fansho ranar tantancewa, ya kuma bar marayu hannu rabbana.

Tushen gyara shi ne ofishin ajiyar bayanan sojan ƙasa da ke Lokoja. Hukumar Fanshon Sojoji kuwa tana Abuja. Dattijo mai shekara 80 ba zai iya wannan zirga-zirga ba. Mu mazauna birni, idan mun je gida da Sallah, mu karɓi lambar sojan Baba, mu ɗauki kwafin takardarsa. In suna ya saɓa, a yi takardar rantsuwa a kotu kafin mu dawo.