Darar Baba ta Ƙarshe

 

An ce in yi magana kan zumunci. Ni ba malami ba ne, don haka labarin gidanmu zan ba ku.

Kowace shekara idan an gama ɗaure damman hatsi, Baba yakan kwashe mu duka a amalanke zuwa gonarmu da ke gabas da Tanut, mu wuni a gindin wata aduwa. Inna ta dama fura, ƙanwarmu ta ɗora shayi, shi kuma ya share ƙasa ya haƙa gurbi 30 na dara. Shi da tsakuwa 12, kai da kara 12. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Mu uku maza, bi da bi yake kiranmu, kuma ba mai tashi da nasara.

Kakar 2014 ita ce ta ƙarshe, amma ba mu sani ba. A shekarar ne aka ga zinariya a Jado, motoci sai wucewa suke ta hanyar Agadas maƙil da samari. Yayanmu ya riga ya ɗaure kayansa. Mai bi masa na shirin tafiya biɗa Tamanrasat. Ni na samu bak, jami'ar Damagaram na jira na. Ƙanwarmu kuma an sa ranar aurenta, Balbeji za a kai ta.

Ran nan Baba ya yi ta jan wasa. Sai ya ɗauki tsakuwa ya riƙe, ya yi shiru, ya mayar. Na ƙosa har na ce, "Baba, don Allah ka taka mana, rana na faɗuwa." Ya ce, "To ina za ka? Zauna tukuna." Sai da muka yi magariba a gona.

Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa. A cikinmu ni kaɗai na samu jana'iza. Ran sadakar bakwai Inna ta ce mini, "Kana tsammani tunani yake yi ran nan? Ya san inda zai sa tsakuwarsa tun farko. Ku yake kallo."

Ƴan'uwa, ban zo in hana kowa tafiya ba. Mun san Damargu: damina wata uku ce, wata shekarar ma ba ta cika rumbu. Ci-rani ba abin kunya ba ne, neman ilimi kuwa wajibi ne. Amma mu da yawa mun ɗauka idan muka aiko jika goma ta Nita ko Al Izza, shi ke nan mun sauke nauyi. Kuɗi suna sayen hatsi, amma ba su zama a kan tabarma su yi hira da tsoho. A Suratul Isra'i, kyautata wa iyaye yana biye ne da umarnin bauta wa Allah shi kaɗai, kuma har lokacin tsufansu aka ambata.

Abu uku nake roƙo. Na ɗaya, kafin ka hau mota, ka ware wa iyayenka wuni guda cikakke, waya a aljihu. Na biyu, idan ka tafi, ka tsayar da ranar kira, ko da Juma'a bayan masallaci ce, kada sai ranar da kake da abin aikowa. Na uku, ku ƴan gida ɗaya ku yi alkawarin haɗuwa sau ɗaya a shekara, da salla ko da kaka, komai tsadar mota. Ƴan'uwa mata da ke gidan aure, a nema musu izini su ma su zo.

Mu yanzu haka muke yi saboda Inna. Aduwar na nan, yayanmu ne ke haƙa gurbin, kuma ba mai ce masa ya yi sauri.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya. Wassalamu alaikum.