Kalmar "Kwamfilit" a Bakin Ɗan Kasuwa

 

Yau za mu ɗan tsakura ne a kan wata kalma ta Turanci da ta zauna daram a bakinmu a kasuwar Lambata, wato "complete", wadda mukan ce kwamfilit. Tun da gwamnatin tarayya ta komo Abuja a 1991, baƙi suka ƙaru a hanyar Suleja zuwa Minna, ciniki da Turanci ya zame mana dole.

Asalin kalmar daga Latin ne, tushenta kuwa "cikawa". Ma'anarta abu ya cika, babu ko ɗaya da ya yi saura. Mu muna da cikakke, muna da kammalalle, wanda muka samo daga Larabci.

To, jama'a, kada a haɗa ta da "ful". Ful na mazubi ne: buhu ko tankin mota. Kwamfilit na lissafi ne. Ƙwaryar doya ɗari ce. In casa'in da tara ce, komai girmanta, ba ta yi kwamfilit ba. Mota tana iya yin ful alhali kayan ba su cika ba.

Mun ga abin da wannan ya jawo. Wani yaronmu ya yi wa wani baƙo lodi, aka tambaye shi, ya ce kwamfilit, don ya ga mota ta cika. Da aka sauke, doya uku babu. Mun biya, amma mai sayen bai sake dawowa ba. Bagwarin da ya kawo doyar shi ma aka zarge shi, alhali ba ruwansa.

Sannan kalmar ba ta shaidar lafiyar kaya. Doya ɗari na iya cika, goma a ciki ruɓaɓɓu. In akwai aibi, a faɗa daban.

Mun karanta Suratul Muɗaffifina tun muna Islamiyya, mun san makomar mai tauye mudu. Canza harshe ba ya sauke wannan nauyi. Mu baƙi ne a ƙasar Gwari, jarinmu amana. Kada ka ce kwamfilit sai ka ƙirga da hannunka, ka kuma koya wa yaranka haka.

Allah Ya sa mu gama lafiya. Wassalam.