Noman Aya a Lambu: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Aya tsiro ce ta ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, 'yar'uwar kajiji da aya-aya, masu son wuri mai laima. Misirawan zamanin Fir'auna sun noma ta, mutanen Balansiya ta ƙasar Sifen suna yin abin sha da ita mai kama da kunun aya, ƙasar Maraɗi kuwa ta yi suna wajen nomanta. Masu lambu a Kambarawa da sauran gefen birnin Katsina suna iya samun riba da ita, muddin sun kiyaye abu uku.

Na farko, ƙasa. Aya tana son ƙasa mai yashi-yashi wadda ke riƙe laima, amma ba ta son ruwa ya kwanta mata. A laka mai tauri 'ya'yan ba su girma, tono kuma ya yi wuya. A jiƙa iri kwana ɗaya, sa'an nan a shuka, zurfin kamar inci 2, tsakanin rami da rami taƙi guda. A yi noma da wuri, kada aya-aya ta shaƙe ta, gama ganyensu ya yi kama ƙwarai.

Na biyu, ruwa. Aya ɗanya ake cinta. Saboda haka da ruwan rijiya za a yi ban-ruwa, da shi kuma za a wanke ta. Ruwan kwata da ke gangarowa daga cikin gari yana ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki.

Na uku, tono. Bayan wata 3 zuwa 4 ganye zai yi rawaya ya bushe. A tone, a tankaɗe ƙasar da rariya, a ware aya da tsakuwa, a shanya har ta bushe sarai. Duk ƙwayar da aka bari a ƙasa za ta tsiro baɗi, ta zama ciyawa mai wuyar kashewa a cikin albasa da tumatir. Don haka ya kyautu a keɓe mata fangali nata dabam.

Ana roƙon Hakimai su isar da wannan ga dagatai da masu unguwanni, malamai kuma su karanta wa masu lambu. Wanda ke da tambaya sai ya nemi malamin gona. Allah ya ba da albarka, amin.