Injin A-Kori-Kura: Na Asali Ne Ko Na Canji?

Yau zancen mota za mu yi. Kaka ta yi, an sayar da amfanin gona, na kuwa san akwai masu niyyar haɗa kuɗi, mutum biyu ko uku, su sayi tsohuwar a-kori-kura don kai kaya kasuwa. Wannan niyya ce mai kyau. Amma dillali zai buga murfin mota da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, injin nan tun na kamfani ne, ba a taɓa kwance shi ba." Yaya za ka san gaskiya ya faɗa? Karatun nan da kuke koyo shi zai raba gardama.

Bari mu yi misali da Peugeot, wadda muke kira Fijo, don ita kowa ya sani. Mutanen Faransa suka fito da 404 a 1960, suka fito da 504 a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, a 2006 kuma aka daina yin 504 a can. To, ku ɗebe 2006 daga shekarar da muke ciki, ku ga shekarun autarsu. Motar da ta yi wannan daɗewa tana ɗaukar buhuna a hanyar ƙauye, da wuya a ce ba a taɓa injinta ba.

Kowane inji yana da lamba tasa, kamar yadda kowane jariri ake raɗa masa suna. Tun a kamfani ake buga ta a jikin gangar injin, a wani ɗan wuri da aka goge ya yi sumul. Ita motar ma tana da tata, watau lambar shasi, ana samunta a wani ɗan faranti da aka kafe a ƙarƙashin murfin gaba. Dukansu biyu an rubuta su a takardun mota. Saboda haka kafin a yi zancen kuɗi, ka ce a ba ka takardu.

Ka tafi da tsumma, da ɗan kananzir, da takarda, da fensirinka na aji. Ka bari inji ya huce tukuna. Makaniki ya nuna maka wurin lambar, ka goge baƙin mai da ƙura. In wurin ya yi lungu ido ba ya kai wa, ka ɗora takarda a kai ka yi ta goga fensir a hankali, kamar yadda yara ke yi da kwabo. Lambar za ta fito a takarda. Sa'an nan ka zauna a inuwa ka gwada ta da ta takardun mota, baƙi bayan baƙi, lamba bayan lamba, da yatsanka a kai. Kada ka yarda mai mota ko dillali ya karanta maka. Kai za ka karanta.

A nan fa sai an natsu. Harafin O yana kama da sifiri, S yana kama da 5, B yana kama da 8. Ɓarayi kuma sun san 3 tana komawa 8 da ɗan bugun ƙarfe, 1 tana komawa 4 ko 7. Bugun kamfani yakan zo a jere, girmansa ɗaya, zurfinsa kusan ɗaya. In ka ga wata lamba ta karkace, ko ta fi 'yan'uwanta zurfi, ko wurin ya lotsa da alamar zarto, ko an shafa sabon fenti a nan kaɗai, to, ka mai da kuɗinka aljihu. Injin da aka kankare wa lamba, a ganina, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ran da 'yan sanda ko bi-ai-o suka tsai da motar suka duba, kai za a tambaya, dillali kuwa ya riga ya ci la'adarsa ya yi gaba.

Wani zai ce, "Malam, ai ni ko ban iya karatu ba na san injin Fijo da ido." Gaskiya ne, yana da sauƙin ganewa, don a kishingiɗe yake, ya karkata gefe guda. Amma Fijo sun yi injunan fetur iri uku masu kama da juna ƙwarai: akwai mai 1618, da mai 1796, da mai 1971. Waɗannan ba shekaru ba ne, awon cikin inji ne, kamar yadda tukunya take da mai cin mudu biyu da mai cin mudu uku. Daga waje kusan ɗaya suke, ciki kuwa da bambanci. Wanda ya sayo ringi da fistin na mai 1971 alhali injinsa ƙarami ne, ya yi asarar kuɗin kaya, ya yi ta kuɗin motar zuwa birni, motarsa kuma tana kwance a gareji ran kasuwa.

Bayan lamba, sai duban ido. Injin da aka ɗauko daga wata irin mota dabam ba ya zama daidai sai an tilasta shi. Ka duba kujerar inji, watau ƙarfe da robar da yake zaune a kai. In ka ga walda, ko sababbin huda, ko tsofaffin huda a buɗe ba noti, an yi canji. Ka duba mahaɗar inji da giya, ko an cusa wani farantin ƙarfe a tsakani. Ka ga ko an daddatsa wayoyi an ɗaure da leda, ko an ƙara wa tiyon lagireto tsawo, ko an bubbuge jikin mota da guduma don a sami wuri. In takarda ta ce fetur, ka ƙirga fulogi 4 da wayoyinsu. Injin dizal, wanda direbobi ke kira gas, ba shi da waɗannan wayoyi, siraran bututun ƙarfe gare shi.

Akwai kuma injin da lambarsa daidai ce, amma an sake masa kaya. Kafireta tana da suna a jikinta. Na waɗannan motoci Solex ne ko Zenith, baƙaƙe biyar ko shida, ba wanda zai gagare ku. In ka ga wani suna dabam, ka tambayi dalili. Akwai wata 'yar na'ura a bakin tiyon ruwa mai tsare ruwa har inji ya ɗumama. Makanikai da yawa sukan cire ta su yar, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban goyi bayan haka ba, don injin da ba ya ɗumama da wuri ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Abin da ke can ciki kuwa sai an kwance kwanon baƙin mai ake gani. A bayan mital, watau ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, sau da yawa akan rubuta baƙaƙe uku, STD. Ma'anarsu awon asali. In lamba ce a wurin, kamar 0.50, to, an taɓa yankan karanshaf. Mai mota na gaskiya ba zai hana makanikinka dubawa ba, in kai za ka biya ladan aiki da baƙin mai.

Kada ku ɗauka cewa na ce canjin inji laifi ne. Inji ɗan Kwatano mai lafiya ya fi na asali da ya gaji yana tuƙa hayaƙi. Abin da nake so shi ne ka san abin da ka saya, ka biya kuɗinsa daidai. In mai mota ya ce ya canja, madalla, sai ya kawo rasiɗin da ya sayi injin, mai ɗauke da lambarsa, a je ofishin lasin a gyara takardu kafin ka cika kuɗi. Ka tambaye shi injin wace mota ce, ka rubuta a littafinka, don da wannan sunan za ka riƙa sayen kayan gyara. In kuwa injin ya fi na da ƙarfi, ka tuna birki na da ne, ba a ƙara masa kome ba, a kan lodi kuma mutane ne ke zaune.

Ran kasuwa mai zuwa, in Allah ya kai mu, malaminku zai roƙi wani direba a tasha ya buɗe muku murfin motarsa bayan la'asar. Kowa ya zo da fensir da takarda. Wanda ya kwafo lambar inji daidai, shi zai rubuta ta a allo kowa ya karanta.