Fatar Dabba Ba Riga Ba Ce



An nemi in yi magana a kan jikin dabbobi, sai na zaɓi fata, domin mu Kanawa fata ta daɗe tana ciyar da mu. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake ke ketare Sahara da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, Turawa suna saye daga Larabawa suna kiran ta fatar Maroko. Har yau wanda ya tashi daga Rijiyar Lemo ya bi ta Abbatuwa ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai, zai ga yawan bakunan da ke ci daga fatu da ƙiraga.

Da farko dai, fata ba riga ce da aka sa wa dabba ba. Sashe ne mai rai kamar hanta ko ƙoda, kuma hawa uku gare ta. Na sama siriri ne, kullum yana saɓulewa yana sabuntuwa, shi ne katangar da ke tare ƙwayoyin cuta. Na tsakiya shi ne mai kauri, saƙa ce ta zaruruwa masu ƙarfi, a cikinsa saiwar gashi take, da hanyoyin jini, da inda gumi da maiƙo ke fitowa. Na ƙasa kuwa kitse ne da tantani. Majemi ya san wannan ko bai shiga aji ba. Yakan jiƙa fata a ruwan toka ya tuje gashi da hawan sama, ya kankare na ƙasa, sannan ya ba na tsakiya bagaruwa, wadda sinadarinta ke kama zaruruwan nan ya hana su ruɓewa. Wato takalmin da baduku ya ɗinka maka, hawan tsakiya ne kawai.

Abu na biyu shi ne ji. Mu Hausawa da hanyar jini, da agara, da mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, duk jijiya muke ce musu. Ta ukun nake nufi. A cikin fata akwai bakunan waɗannan jijiyoyi birjik, wasu na jin taɓi, wasu zafi, wasu sanyi, wasu ciwo. Saƙo kan tashi daga nan ya bi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a jijiyoyi mafiya sauri yakan yi gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa guda. Ku lura da saniya idan ƙuda ya sauka mata a gadon baya, nan take wurin zai motsa. Wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce a ƙarƙashin fata ke amsa kiran jijiya. A 2021 an ba David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel saboda gano ƙofofin da jin zafi da taɓi ke shiga jijiya, kuma da sinadarin yajin barkono Julius ya gano tasa. Irin waɗannan ƙofofi suna jikinmu, suna jikin akuya da jaki. To, wanda ya ji ƙuda, yaya zai ji bulala?

A nan ne tausayi da riba suka haɗu. Duk raunin da ya ratsa zuwa hawan tsakiya ba ya warkewa sai da tabo, tabo kuwa ba ya karɓar rini yadda lafiyayyar fata ke karɓa. Cizon kaska, da kirci, da lalas na shaida da ake yi da wuta a tsakiyar jiki, da dukan da ake wa dabbobi wajen loda su a mota, gashi yakan rufe su duka, amma ran da aka tuje sai asiri ya tonu, daraja ta faɗi. Ashe duk abin da aka yi wa dabba tana raye, fatarta na rubutawa.

Haka kuma fata na ɗauke da cuta. A Yulin 2023, lokacin da aka tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gona a Suleja, hukumomi sun ja kunnen jama'a game da cin ganda da taɓa fatar dabbar da ta mutu farat ɗaya. Mushe dai ba a fiɗe shi, likitan dabbobi ake kira.

Saboda haka, idan layya ta zo, a wasa wuƙa kamar yadda addini ya umarta, don dabba ta huta da wuri. Wajen fiɗa a yawaita dunƙulen hannu, a rage tsinin wuƙa. A zuba wa fata gishiri a ranar, ko a shanya ta a inuwa, ba a kan ƙasa cikin rana ba.

Ku kuma ƙannenmu, kada ku ɗauki darasin Bayoloji abin haddar jarrabawa kawai. Akwai Tsangayar Likitancin Dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai cibiyar nazarin fasahar fata a Samaru, Zariya. Kakanninmu sun riƙe wannan sana'a da ido da hannu, ku ana jiran ku ƙara mata ilmi.

Allah Ya sa mu dace.