Tankin Man Sitiyari: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



A zamanin da, hakimi ba ya hawa doki zuwa rangadi sai an duba linzami da majanyi. Yau mota ta maye gurbin doki, sitiyari kuwa shi ne linzaminta. Nufin wannan jawabi shi ne a jawo hankali ga wani ɗan abu a ƙarƙashin bonet wanda direbobi suka cika rainawa, watau tankin man sitiyari.

Motocin farko sai da ƙarfin damtse ake juya su. A shekarar 1951 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sayar da ƙananan motoci masu sitiyarin da mai ke taimaka wa. Inji ke juya famfo da bel, famfo ya zuƙo mai daga tanki ya tura shi da ƙarfi, man ya taya direba karkata tayoyin gaba, sa'an nan ya komo tanki. Sababbin motoci da yawa sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da wannan tanki, amma tsofaffin da ke zirga-zirga a karkara suna da shi.

Galibi da roba ake yin tankin. Zafin inji kan gasa shi har ya tsage, mai ya riƙa yoyo. A motoci da yawa akwai 'yar rariya a cikinsa, wadda datti kan toshe, mai ya kāsa isa famfo. Alamun uku ne: famfo ya riƙa kuka in an juya sitiyari, mai ya yi baƙi ko kumfa, sitiyari ya yi nauyi, musamman da sanyin safiya. In aka yi sakaci famfo ya ƙone, kuɗinsa kuwa ya ninka na tanki sau da yawa.

Hasarar kuɗi ma da sauƙi. Ƙasar Tsanyawa cike take da jama'a. Da mota ta bar babban titin Kano zuwa Katsina ta shiga ƙauyukan da ke kewaye da 'Yankamaye ko Dumbulum ko Gurun, sai gona jikin gona, gida kusa da gida, ga amalanke, ga yara na kora awaki. Sitiyarin da ya sandare a kan kwana a irin wannan wuri, rai yake nema.

Ga yadda ya kamata a sake shi. A sayo tanki daidai da irin motar, a tafi da tsohon kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a gwada. In na hannu ne, a haska rariyarsa a gani, domin araha ba ta ado. Bakanike ya bari inji ya huce, ya zuƙe tsohon mai, ya kwance tiyo biyu, babba mai zuwa famfo da ƙarami mai komowa. In tiyo ya bushe, a sake shi tare. A ɗaura sabon tanki, a ɗaure sosai, a zuba mai zuwa layin da aka zana. Lalle man ya zama irin wanda aka rubuta a murfi ko a littafin motar. Kada a kuskura a zuba man birki, yana cinye robobin ciki.

Sauran aiki guda, shi ne fitar da iska. A ɗaga gaban mota da jak, inji a kashe, a juya sitiyari iyakar dama da iyakar hagu sau da yawa, ana ƙara mai. Sa'an nan a ta da inji a maimaita har kumfa ta ƙare.

Aikin malami ne ya rubuta ranar da aka sake, da irin man, da kuɗin da aka kashe, ya kuma sa direba ya duba layin mai kowane mako. In ana yawan ƙara mai, to, akwai yoyo, sai a sanar da hakimi tun kafin ranar tafiya. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, amin.