Rumbun Wutar Lantarki: Abin Da Za Mu Nema Kafin A Kafa Shi

(Jawabin da aka gabatar a zaman wakilan ƙauyukanmu na Jazira da bakin kogin Nil Azrak)



Maganarmu a yau a kan wutar lantarki ce, wadda a nan muke kira kahraba, da wata sabuwar dabara ta ajiye ta a cikin manyan batura. Wani zai ce ina ruwan mai shanu da batir? To ai batirin a kan ƙasa ake girka shi, ƙasa kuwa da ruwanmu a cikinta.

Kowa ya san batirin mota da na wayar hannu. Wannan ɗan'uwansu ne, sai dai ana jera dubbansa a cikin akwatunan ƙarfe masu girman kwantena, a kewaye su da shinge, a haɗa su da babban layin wuta. Da rana, lokacin da farantan sola ke ba da wutar da ta fi buƙata, sai batirin ya sha. Da magariba, kowa ya kunna fitila da fanka, sai ya mayar. Amma fa mu gane, rumbun yini ɗaya ne. Yawancinsu awa biyu zuwa huɗu suke yi su ƙare, ba su ajiye wutar damina don a ci da bazara.

Abin ba tatsuniya ba ne. A 2017 kamfanin Tesla ya kafa batirin Hornsdale a kudancin Ostireliya, mai ƙarfin megawat 100. Tsakanin 2010 da 2023 farashin baturan litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. A 2025 maƙwabciyarmu Masar ta kunna nata a Kom Ombo, kusa da Aswan, a gefen gonar sola mai megawat 500. Abin da yake ajiyewa ya isa ya ba da megawat 100 har tsawon awa uku.

Mu kuma mun san halin da muke ciki. Wutar ƙasar nan mafi yawanta daga madatsun ruwa take, wato Marawi, wadda aka buɗe a 2009 mai megawat 1,250, da Rusairis, da Sinnar. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya lalata layuka da taransifoma, kuma a farkon 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari kan tashar Marawi, garuruwa da dama suka kwana cikin duhu. Wannan ya nuna haɗarin rataya ƙasa guda a kan tashoshi 'yan kaɗan masu nisa. Saboda haka ranar da za a zauna sake gina Jazira da Sinnar da Damazin, maganar sola da batir za ta zo kan faifai, kuma za a nemi fili.

A nan ne tarihi zai yi mana amfani. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da kakanninmu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno suka zauna a bakin wannan kogi, kowane babban aiki ya taɓa ƙasar da muke ci a kanta. Madatsar Sinnar da gonar Jazira sun zo a 1925, Rusairis a 1966. Dokar 1970 ta mai da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakin gwamnati, manyan gonakin tarakta suka haɗiye burtali da makiyaya. Da aka ƙara wa Rusairis tsawon mita 10, aikin da aka kammala a 2013, ruwa ya ci ƙauyuka, aka tashi dubban iyalai. Har wa yau akwai ƙauyukan da wayar wuta ke ratsawa ta samansu, su kuwa da tocila suke kwana.

Don haka abu uku muke so kowane wakili ya koma gida da su.

Na farko, fili. Batirin kansa ba ya cin wuri da yawa, amma gonar solar da ke ciyar da shi tana cin ɗaruruwan fadan, kuma shinge ne da ba ya buɗewa bayan girbi kamar gonar dawa. Kafin a kafa turke ɗaya, a zauna da mu a shata burtali da mashaya a rubuce, a sa hannu. Tun ran gini tun ran zane.

Na biyu, gobara. Batirin litiyam ba ya son zafi, dole a riƙa sanyaya shi dare da rana, zafin bazararmu kuwa ba sai an faɗa ba. In ya kama, ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, yakan mutu ya sake tashi, hayaƙinsa kuma guba ne. A watan Janairu 2025 tashar Moss Landing ta Kalifoniya a Amurka ta ƙone, aka kwashe mutum fiye da 1,000 daga gidajensu. Can suna da motocin kashe gobara, mu kara da busasshiyar ciyawa ne suka kewaye mu. A nisanta shi da gidaje da ruga da rijiya, a share iyaka ta kewaye shi, a gaya mana wanda za mu kira in abu ya faru, da wanda zai kwashe matattun batura in sun gama aiki.

Na uku, rabonmu. Kada mu karɓi alkawarin baki. A rubuta cewa ƙauyen da ya ba da fili za a ja masa layi zuwa famfon ruwa, da injin niƙa, da asibitin sha-ka-tafi, da firijin allurar rigakafin dabbobi, wadda zafi ke kashe ta kafin ta kai jikin saniya. A kuma koya wa samarinmu aikin, kada rabonsu ya tsaya ga gadi da share faranti.

Jama'a, ba mu ƙin wuta, mun fi kowa buƙatarta. Abin da muke roƙon dattawa da ardo-ardo shi ne, kada kowa ya sa hannu a takardar fili shi kaɗai. A kawo ta ga ƙungiya a karanta a gaban manomi da makiyayi tare, domin in aka raba kanmu, su biyun ne za su rasa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci garke da gona.